Itace Biyar a Gonar Hammadu

Yau sati uku ke nan da dawowata, amma har yanzu ban isa in zauna a bencin shagon Iliya tela ba sai wani ya gyara murya ya ce, "Malam Sabi'u, yaya sanyin Turai?" Sun san sarai inda na je, neman magana ne kawai irin na mutanen Fagge. Na kuma lura duk wanda na ba labarin a tsaitsaye sai ya kai shi gaba da nasa gishirin, har jiya na ji ana cewa wai aure na yi a can na gudo. Shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta shi daga farko. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni na jawo wa kaina. A farkon shekara wata takarda ta zo makarantar da nake koyarwa, cewa wata ƙungiyar aikin sa-kai ta ƙasashen duniya, wadda a da Turawa kaɗai take aikowa, yanzu ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, su ma a tura su wata ƙasa su yi aiki lokacin dogon hutu. Ni dai "ƙasar waje" na gani, sauran ban tsaya karantawa ba. A wurin da aka ce mutum ya rubuta abin da ya iya, na rubuta noma da dashen itace, ni da duk abin da na taɓa shukawa a duniya shi ne wake a gwangwani, a aji uku. Kafin amsa ta zo har na je 'yan gwanjo na sayo kwat baƙa mai kauri, mai manyan maɓallai, na sa ta na zagaya unguwa sau biyu ana zafi.

Amsa ta zo: Jamhuriyar Nijar, garin Filinge, sati shida, dashen itace don tare hamada. Sai da na hau kujera a ofishin hedimasta na bi taswira da yatsa kafin na gano wurin. Kwat ɗin kuwa na sa ta a akwati, don barin ta a gida daidai yake da amsa laifi.

Daga Kano zuwa Sakkwato ba abin faɗi, sai gyangyaɗi da rake. A Illela tafiya ta fara. Ba a daɗe da buɗe iyaka ba, soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can, kowane mai kaki yana ji da kansa. Namu suka duba takarduna suka ce in wuce. A ɓangaren Ƙonni kuwa, wani jandarma siriri mai gashin baki ya sa na buɗe akwati a kan tebur. Ya ɗaga kwat ɗin da yatsa biyu, ya dube ta, ya dubi rana, sannan ya dube ni.

"Ina za ka da wagga?"

"Filinge, ranka ya daɗe."

"Mi za ka yi Filinge?"

"Aikin sa-kai ne. Dashen itace."

"Nawa aka biyan ka?"

"Ba biya."

Ya ajiye kwat ɗin a hankali, ya yafito abokin aikinsa daga ƙarƙashin rumfa. "Taho ka gani. Ga ɗan Najeriya za shi aiki babu biya." Su biyu suka yi ta juya takardar ƙungiyar gaba da baya suna neman inda ƙaryar take. Da suka rasa, ya buga mini hatimi ya ce in na gano ribar abin daga baya, don Allah in biyo ta nan in faɗa masa, ko hankalinsa ya kwanta.

Daga Ƙonni zuwa Yamai, kowane gari akwai igiya a gicciye. Da mota ta tsaya sai kowa ya sauka ya shiga layi da takardarsa a hannu, shiru, ba mai tari. A wurinmu da tuni wani ya fara tambayar mai kakin ko ya san ɗan waye shi. Na gwada ɗaga murya sau ɗaya a Dogondutsi, wata tsohuwa da ke bayana ta mintsine ni ta ce, "Ɗana, in kana son kwana nan, kwana kai ɗai." A nan na fara cin burodinsu, dogo kamar sanda, ana tafe da shi a hamata. Cizon farko ya tsaga mini dasashi, amma kafin in bar ƙasar na zama gwaninsa. Daga Doso kuma Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya cika mota, na koma sayen abinci da nuni.

A Yamai aka sauke mu a wata makaranta, wadda suke kira lakwal, aka ture bencuna aka shimfiɗa tabarmi. Mu kusan ashirin ne: Turawa sun fi yawa, ga wasu daga Gana, ga wasu daga Burkina. Da na bincika na tarar ni kaɗai ne Bahaushe, kuma ƙasar Hausa za a kai mu. Nan kaina ya kumbura. Na tara su na ce kada kowa ya damu, maganar mutanen gari a bar mini, nawa ne.

Ranar tafiya Filinge aka loda mu a bayan motar foroje, wato aikin da ya kawo mu, tare da 'ya'yan itace cikin baƙar leda. A Baleyara direba ya sayi rago ya ɗaure shi a tsakiyarmu, kafin mu farga ya aske layi guda na dashen nan tas. A Bonkuku muka tsaya wurin wasu Buzaye abokan direban, suka ɗora mana shayi. Aka miƙo mini ɗan kofi kamar murfin kwalba, mai ɗacin tsiya. Na shanye da ƙyar, na yi godiya, na miƙe na kaɗe riga. Direba ya jawo ni ƙasa ya raɗa mini cewa shayin hawa uku ne, wanda ya tashi a na farko ya ce wa masu gida ba su iya karɓar baƙo ba. Turawan nan duk suna zaune sun naɗe ƙafa suna jiran na biyu. Masanin mutanen gari ne kaɗai ya tashi.

A Filinge muka tsaya a rana har Kwamandan, wato babban jami'in gwamnati na yankin, ya fito ya yi mana jawabi da Faransanci, muka tafa inda muka ga ana tafawa. Sannan aka damƙa mu a hannun Mushe Garba (Mushe a can kamar Mista ne a wurinmu), ma'aikacin gandun daji, mai kaki da babur da wani babban littafi da ba ya rabuwa da shi. Shi ya rarraba mu ƙauyuka. Ni aka tura ni wani ƙauye na Kurfayawa, wato Hausawan yankin, a kan hanyar Sanam, aka haɗa ni da wata Baturiya da ta shekara biyu a can. Sunanta na gida ya fi ƙarfin bakina, mutanen gari dai Mariyama suke ce mata. Zani take ɗaurawa da kallabi, Hausarta kuma irin ta wurin ce sak. Duk da haka a hanya na yi ta yi mata bayanin halin Bahaushe, tana cewa, "To, Malam."

Masaukina gidan Hammadu ne, wani Bafulatani da ke zaune a gefen gari. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya dariya da ƙarfi. A da yana da garke, babban farin nan ya cinye, ya bar shi da saniya biyu. Ya ba ni bukkarsa da gadon kara, shi ya koma rumfa, na yi na yi ya ƙi. Matarsa Dija kullum da hantsi sai ta aiko mini da fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, da yamma tuwon gero, wani lokaci da kwaɗon ganye da suke kira kopto. Kwana uku na farko cikina ya yi mini tawaye, na san kowace sabara da ke bayan gidan nan. Hammadu bai taɓa nuna ya lura ba, sai dai kullum in tarar da buta cike a bakin ƙofa.

Ran nan ya kai ni gona. A can ba sa sunkuyawa su yi noma kamar mutanenmu, wata doguwar hauya ce suke turawa a tsaye, tana yanke ciyawa ta ƙarƙashin yashi. Na karɓa in nuna masa yadda ake yi, na sare gero uku a tura ɗaya, ya karɓe kayansa cikin ladabi. Gonar shimfiɗeɗɗiya ce, geron ya yi kyau, don takin shanun gari da yake kiwo duk nan yake zuba shi. Sai dai ba inuwa ko ta tsuntsu. In rana ta take, sai ya kafa hauya ya rataya rigarsa ya zauna a ƙarƙashi. Ya ce mini shekararsa goma sha biyu yana noman ta, ita ke ciyar da gidansa. Kowa a garin kuma "gonar Hammadu" yake cewa, har in ana yi wa baƙo kwatancen hanyar rijiya da ita ake yi.

Akwai wani tsoho a garin da ake kira Baba Arzika. Shi ba ya salla, addinin kakanninsa ya riƙe. A bayan gidansa akwai wani gawo da dutse a gindinsa, inda aka ce yana yanka baƙin akuya kafin shuka, wasu ranaku kuma da la'asar sai ka ji goge na tashi ana bori. Ni duk lokacin da zan wuce ƙofar gidan sai in ɗaga ƙafa ina karanto duk abin da na haddace. Ashe yana kallona. Wata rana ya ɗago daga igiyar da yake tufkawa ya ce, "Ɗan Kano, taka sannu. Ba su cin baƙo, sai ya kwan biyu." Mutanen da ke wurin suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma ban rage sauri ba.

Aikin da ya kawo mu kuwa, a ranar bikin 'yancin kai aka yi babbansa, don a can ranar dashen itace ce. Gari ya ba da wani faƙo wanda ba na kowa ba, muka haƙa ramuka har hannuna ya yi kanta. Kwamandan ya zo ya dasa ɗaya, aka buga ganga, maza da mata suka yi ta dashe kamar a kan su aka fara. Motarsa na ɓacewa kowa ya wanke hannu ya nufi gonarsa. Washegari awaki suka karɓi aiki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an ce duk mai so ya ɗauki dashe kyauta ya kai gonarsa, amma ba wanda ya taɓa. Na tara dattawa a gindin bishiya na yi musu lacca a kan hamada har muryata ta dushe. Suka ce madalla, sai sun yi shawara. Da muka tashi Mariyama ta ce mini, "Malam, kada ka dasa kome cikin gonar kowa sai ka tambaye ni." Na ji haushin maganar nan ƙwarai. Wai Baturiya ce za ta koya mini zama da Hausawa. Na ce mata, "To, Mariyama," irin yadda take ce mini.

Saura kwana biyar mu tashi, na rasa abin da zan saka wa Hammadu da shi. Na ba shi agogona ya ƙi, na ba shi tocila ya ƙi. Sai na tuna da rigar nan da yake ratayawa a kan hauya. Ranar da ya yi sammakon zuwa kasuwar Sanam, na ɗebo dogon yaro biyar masu lafiya daga ragowar dashe, na kai gonarsa, na dasa su a jere daidai inda yake zama. Na kewaye kowanne da ƙaya, na yi jigilar ruwa daga rijiya. Tun da na zo ƙasar ban yi aiki da zuciya ɗaya kamar na ranar ba.

Ina cikin ban ruwa sai ga Mushe Garba a kan babur. Da na yi shiru da ya wuce abinsa. Amma ina, sai da na ɗaga masa hannu na kira shi ya zo ya ga abin da ya gagari kowa. Ya yi murna, ya buɗe littafinsa ya rubuta itace biyar, gonar Hammadu, ya sa hannu. Wasu mata masu ɗaukar ruwa suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ta riƙe haɓa. Na ɗauka sha'awa ce.

Da la'asar Hammadu ya dawo, na ja shi gona ina ta washe baki. Ya tsaya ya dubi itatuwan nan ya daɗe. Sannan ya tsuguna a gabansu.

"Malam, wa yas sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Tukuicina ne, ka samu inuwa."

Ya miƙe ya juya, na bi bayansa. Muna komawa gida muka tarar da wani ɗan'uwan Baba Arzika a tsaye a bakin shinge, ko zama ya ƙi yi. Ya ce, "Hammadu, tsoho ya ce a hwaɗa maka, bana ka riƙe daminka, ba shi so." Ya juya ya tafi. Dija da ke daka ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa.

Na ruga wurin Mariyama. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce gonar ta Baba Arzika ce, kakansa ya sare ta. Aro ya ba Hammadu bayan fari, kuma kowace kaka Hammadu na kai masa damin gero ɗaya, shaidar cewa ya san mai ita. A ƙasar nan mai aro yana iya shuka duk abin da za a girbe a shekara, amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, don wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Ƙin karɓar dami kuwa ma'anarsa aro ya ƙare, da an cire amfanin bana Hammadu ya bar gona.

Na ce to ai da sauƙi, yanzu in je in tumɓuke su.

Ta ce, "Itacen da anka rubuta cikin littahen gwamnati? In ka taɓa su, Hammadu za a ɗaure, sunanai ad ciki."

In an bar su gona ta tafi, in an cire su mai gidana ya shiga hannun masu kaki, ni kuwa nan da kwana biyar ina cikin mota. Tsoro da kunya suka taru suka rufe ni, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da safe na nemi goro, na sa Mariyama a gaba, muka tafi gidan da nake wucewa da gudu. Baba Arzika na zaune yana tufkar igiyarsa. Ya nuna wa Mariyama tabarma a inuwa, ni kuma bai nuna mini kome ba, sai na tsuguna a inda rana ta same ni. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci mai tsawo, sai da ya tambayi lafiyar Kano unguwa-unguwa.

Na ce, "Baba, laifina ne. Hammadu bai sani ba, yana Sanam na yi."

"Na sani. Hammadu na da hankali." Ya ɓare goro ya duba cikinsa. "Ɗan Kano, can garinku, baƙo na sabka gidan mutum shi gina ɗaki tsakar gida don shi gode ma mai gida?"

"A'a, Baba."

"To mu nan munka yi kama da waɗanda ba su da tsakar gida?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce shi bai damu da dogon yaro ba, kuma bai ƙi Hammadu ba. Amma shi tsoho ne, 'ya'yansa suna can bakin teku wurin neman abinci. Ran da ya mutu suka dawo, za su tarar da itace biyar da takardar gwamnati suna cewa gonar kakansu ta Bafulatani ce. Me zai ce wa kakanninsa da ke gindin gawo in ya je musu?

Na ce, "Baba, ko me ka ce in yi zan yi. Kada dai a raba shi da gonar, ita kaɗai gare shi."

Ya daɗe yana tauna goro yana kallona, har gumi ya jiƙa mini riga. Can ya ce, "An ce kana da wata riga ta Nasara cikin akwati, wadda ba ka taɓa sawa ba." Ashe har labarin kwat ya zagaya gari. Na ce ina da ita. Ya ce in kawo ta gobe da hantsi gona, in taho da Mushe Garba da littafinsa, da mai gari, da abin haƙa.

Washegari rabin gari ya hallara. Baba Arzika ya karɓi kwat ya zura a kan 'yar shararsa, ya ɓalla maɓallai har wuya, ga layu na leƙowa ta ƙasa, ga rana tana dukan kowa. Ya ce in haƙo itatuwan ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, kada saiwa ta tsinke. Na durƙusa na haƙo na farko, na ɗora masa a hannu. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, sannan ya mai da shi cikin ramin da ya fito, ya tura ƙasa da ƙafarsa, ya zuba ɗan ruwan gero yana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda yake magana da su. Ni da Hammadu muka kau da kai, kowa na karanta nasa. Haka muka yi har sau biyar.

Da ya gama ya juya ga jama'a ya ce, "Wa yad dasa iccen ga?"

Suka ce, "Kai ne, Baba."

Mushe Garba da farko ya ɓata rai, yana cewa ba a wasa da littafin gwamnati. Mariyama ta ja shi gefe ta nuna masa cewa biyar ya rubuta, biyar kuma ke tsaye, ga shi ya samu dattijon gari ya dasa itace da hannunsa a gaban shaidu, abin da ba a taɓa gani ba a yankin. Nan take ya soke sunan Hammadu ya rubuta na Arzika, har yana cewa zai kai labarin gaban Kwamandan a yaba wa tsoho. Baba Arzika ya gyara wuyan kwat ya ce ai shi dama can mai son ci gaba ne. Sannan ya dubi Hammadu ya ce, "In kaka ta yi, ka kawo mini damina. Ka kuma riƙa ba itacena ruwa."

Hammadu ya durƙusa ya yi godiya. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na fara jin kamar ni na shirya dabarar. Daga baya, a daren sallama da muka sake haɗuwa a Filinge, sai da na ba sauran 'yan sa-kai labarin yadda na sasanta rikicin gona, na rage wasu wurare. Na faɗa musu, kuma gaskiya ne, cewa dashen faƙon nan awaki sun kusa gamawa da shi, amma biyar ɗin nan ko akuya ta san ba a taɓa kayan Baba Arzika.

Ranar tafiya Hammadu ya ɗauki akwatina a ka, ya ce zai raka ni bakin hanya inda mota za ta tsaya. Muna fita gari muka ci karo da wani baƙo da jakinsa yana tambayar wata mata hanyar rijiya. Ta nuna da hannu ta ce, "Bi nan, in ka kai gonar Arzika mai icce biyat, ka yi dama." Matar nan na san ta, sati shida ina jin ta tana cewa gonar Hammadu.

Hammadu bai tsaya ba, bai waiwaya ba. Sai da muka kai bakin hanya ya sauke akwatin, muka zauna a kai muna jiran mota. Na ce masa ya yafe mini, amma alhamdu lillahi tun da abin ya ƙare lafiya.

Ya ce, "Ya ƙare lahiya, Malam. Ka yi don alheri, na sani." Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Shekara goma sha biyu ba wanda yat tuna. Tsoho ya tsuhwa, ɗiyanai sun yi nisa, dami ɗai nika kaiwa da marece ba mai gani. Ni kaina wata rana ina noma sai in manta ba tawa ta ba. Ina cewa ko ɗiyana sun tashi sun iske an saba." Ya share zanen da tafin hannu. "Yanzu ko na manta, ga su nan tsaye su biyat. Kuma ni ka ba su ruwa."

Mota ta zo, ya ɗora mini akwati, ya miƙo mini ƙullin fura da Dija ta ba shi ya ba ni, ya ce in gai da mutanen Kano.

A Ƙonni na sake faɗawa hannun jandarman nan mai gashin baki. Ya buɗe akwati ya ga ba kwat, ya ce, "Ka gani? Na san da ciniki cikin tahiyag ga." Ban yi masa gardama ba.

Takardar yabo da ƙungiya ta ba ni tana nan, an rubuta cewa na taimaka wajen tare hamada, Iliya ya ce in kawo ya manna a shago na ce a'a. Masu tambaya itace nawa na dasa a ƙasar waje, amsa ita ce biyar, kuma an cire sunana a kansu, an cire na mai gidana. In Allah ya raya su, nan da 'yan shekaru Hammadu zai daina rataya riga a kan hauya, ya zauna a inuwa mai kyau, a gonar Arzika.